Batir Mai Ruwa ko Litiyam: Zaɓin da ke Gaban Mazaunin Ƙasar Waje Mai Son Saka Inbata a Gidansu na Kano

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, janareta ya daina zama abin da magidanci zai tayar da magariba ya bar shi yana ruri har asuba. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa sharaɗin a riƙa ba su wuta awa 20 a rana, sauran unguwanni kuwa suka ci gaba da karɓar abin da ya samu. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, Kano da maƙwabtanta suka kwashe kwana da kwanaki cikin duhu. Daga wannan lokaci zuwa yau, da wuya ka sami Bakanon da ke aiki a Jidda, ko Dubai, ko Landan, ko wani gari a Amurka, wanda bai yi tunanin turo kuɗi a saka wa iyayensa ko iyalinsa inbata da sola ba. Da zarar an fara maganar, tambaya ɗaya ce take tsayar da kowa, wato wane batir za a saya, mai ruwa da ake kira tubula, ko kuwa litiyam.

Na tsinci kaina a tsakiyar wannan tambaya har sau biyu, domin yayana yana zaune a Jidda, kuma ni yake turo wa kuɗi in tsaya a kan aikin gidan mahaifiyarmu. Abin da na fahimta shi ne, mazaunin waje yakan fara da tambayar farashi, alhali tambayar da ta fi shafarsa ita ce wane ne zai riƙa tsayawa a kan batirin nan bayan mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wanda yake kwana a gidan zai ji warin da bai saba ji ba, zai ga waya ta fara baƙi, zai lura cewa wutar da take kai wa asuba yanzu ƙarfe biyu take mutuwa. Wanda yake nesa kuwa ba ya jin komai sai abin da aka ga dama aka faɗa masa a waya, kuma iyaye sun saba ɓoye wa ɗa matsala don kada su tayar masa da hankali.

Kafin a kwatanta baturan, dole a san nauyin da za su ɗauka, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa da yunit irin wanda ake saya a mita, wato wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A ɗauki gida matsakaici a daren bazara. Fankar sama uku, kowace tana cin kimanin wat 75, idan suka yi awa 10 sun ci yunit 2 da kwata. Ƙwan fitila takwas masu wat 10 na awa shida ba su kai rabin yunit ba. Talabijin da dikodarsa na awa huɗu, da firji, da cajin wayoyi, za su ƙara sama da yunit ɗaya. Jimilla ta kusa yunit 4, idan kuma aka haɗa da abin da inbata kanta take ci wajen juya wutar, ana maganar kusan yunit 4 da rabi. Abin lura a nan shi ne fanka ce take cinye fiye da rabin lissafin, saboda haka wanda ya canja fankokin gida zuwa na zamani masu cin wat 30 ya rage wa kansa kuɗin batir tun kafin ya shiga kasuwa.

Da tubula, abin da aka saba haɗawa shi ne guda huɗu masu bolt 12 da 200Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka ne), a jera su su ba da bolt 48. A takarda suna ɗauke da yunit 9.6, amma irin wannan batir ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, don haka abin amfani bai wuce yunit 4.8 ba. Da litiyam kuwa, akwati ɗaya mai bolt 51.2 da 100Ah yana ɗauke da yunit 5.12, kuma ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da an cutar da shi ba, wato kimanin yunit 4 zuwa 4 da rabi. Ke nan duka biyun aiki kusan iri ɗaya suke yi a dare guda, sai dai kowane tubula yakan kai kilo 60 ko fiye, huɗu sun doshi kilo 250, shi kuwa akwatin litiyam bai cika wuce kilo 50 ba, ana ma iya rataye shi a bango. Mai sayarwa da ya ce maka tubula huɗu sun ninka litiyam ɗaya ƙarfi bai yi ƙarya a lissafin takarda ba, ya dai ɓoye maka cewa rabin wannan ƙarfin ba naka ba ne.

Tubula tsohuwar fasaha ce da kowane mai gyaran wuta a Kano ya sani, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. A cikinsa akwai farantan dalma da aka tsoma a ruwan asid, kuma duk lokacin da yake caji, musamman idan ya kusa cika, wani ɓangare na ruwan yana rabewa ya fita a matsayin iska. Daga nan ne duk ɗawainiyarsa da duk haɗarinsa suka samo asali. Ruwan yana raguwa, don haka dole wani ya riƙa duba tsinkayen da ke kan murafensa, waɗanda suke nuna matakin ruwa, aƙalla sau ɗaya a wata a lokacin zafi, ya ƙara kafin farantan su fito fili su bushe. Ruwan da ake ƙarawa kuma tataccen ruwa ne wanda aka turara aka cire masa gishiri da ma'adinai. Fiya wata, da ruwan rijiyar burtsatse, da ruwan famfo, duk suna ɗauke da abubuwan da suke kashe farantan sannu a hankali. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a yi hattara da shi, domin a bakin mutane da yawa kalmar ruwan batir tana nufin tataccen ruwan, tana kuma nufin asid ɗin kansa, kuma idan aka aiki yaro ya sayo na biyun aka zuba, an lalata batirin. Asid ba ya ƙafewa, ruwa ne kawai yake tafiya, shi kaɗai ake mayarwa.

Iskar da take fita kuwa haidirojin ce, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, ƙyallin wuta kaɗan ya isa ya tayar da ita. Ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, saboda haka sama take taruwa, kusa da silin, wanda ke nufin ƙofar da take da rata a ƙasa ba ta wadatar ba, sai an sami taga ko huda a can sama. Ba a ajiye irin wannan batir a ɗakin kwana, ba a ajiye shi a sito mara taga, ba a ajiye shi kusa da kicin ko inda ake kunna turaren wuta, kuma ba a kafa inbata daidai saman kansa, domin tururin asid yana cin ƙarfen cikinta. A gidajenmu na cikin gari, inda kowane lungu yake da aikin da yake yi, samun wuri mai iska, mai inuwa, wanda ruwan sama ba ya taɓawa kuma yara ba sa kai hannu, ya fi wuya fiye da yadda mutumin da ya shekara goma a waje yake tunawa.

Zafi ma yana da nasa hukuncin. Shekarun da kamfani yake rubutawa a takardar batir an auna su ne a yanayin digiri 25, kuma ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Kano kuwa a watan Afrilu da Mayu takan kai digiri 40 a inuwa, balle ɗakin da rufinsa kwano ne. Sannan tubula yana son a cika shi taf bayan kowane amfani, kuma a hankali yake karɓar caji, yakan buƙaci awa takwas ko fiye kafin ya ƙoshi. A unguwar da ake kawo wuta ta awa uku a ɗauke, idan babu isassun farantan sola, batirin zai yi ta kwana da yunwa, wani farin gishiri ya riƙa daskarewa a kan farantan dalmar cikinsa, har ya kai ga ba ya riƙe caji ko da an samu wutar.

Haka ta faru da mu a karon farko. Mun sayi tubula huɗu, mai haɗawar ya jera su a wani ɗan sito saboda nan ne ya fi kusa da allon wutar gidan, ni kuma ban san abin da na sani yanzu ba balle in hana. Ɗan yayarmu ne yake duba ruwan, yana kuma yi da kyau, har ranar da ya tafi bautar ƙasa. Bayan tafiyarsa ba wanda ya tuna, da aka tuna kuma sai aka cika su da fiya wata. Ba su kai shekara ɗaya da rabi ba suka fara mutuwa kafin tsakar dare. Da Yaya ya kira ya ce, "Hajiya, yaya wutar?" sai ta ce masa, "Lafiya lau, Allah Ya yi maka albarka," alhali ta koma kwana da mafici. Ban ga laifin batirin ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifinmu ne da muka sayi abin da yake buƙatar mai kula muka ajiye a gidan da ba shi da mai kula.

Akwai busasshen batir na dalma wanda aka rufe shi ruf, ba a ƙara masa ruwa, kuma wasu suna ganin shi ne mafita. Ya fi tsafta, amma zafi ya fi yi masa illa, domin ruwan da ya rasa ba shi da hanyar dawowa, kuma a gidan da ake zuƙe batir kullum yakan riga tubula mutuwa. Batirin mota kuwa ba a ma sa shi a lissafi, an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa ta daƙiƙa kaɗan a tayar da inji.

Litiyam shi ne wanda mazauna waje suka fi jin tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Wanda yake Ingila ya san cewa tun watan Disambar 2021 hukumar sufurin Landan ta hana shiga jiragenta da motocinta da sikuta mai batir saboda gobara, kowa kuma yana tuna wayar Galaxy Note 7 da kamfanin Samsung ya janye daga kasuwa a 2016. Sai dai litiyam iri-iri ne. Wanda yake cikin waya da kwamfutar hannu da yawancin kekuna masu caji an haɗa shi ne da sinadarai irin su kobalt da nikel, yana tara wuta mai yawa a ƙaramin jiki, amma idan ya yi zafi ko ya huje yakan kama da kansa, wutar tana ciyar da kanta. Wanda ya dace da gida shi ne mai ƙarfe da fosfet, wanda za a ga an rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa. Wannan ya fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma ya fi wuyar kamawa. Duk akwatin da ba a rubuta masa ɗayan waɗannan sunaye biyu ba, ko mai shagon ya kasa faɗin irin ƙwayoyin da ke ciki, barinsa ya fi saye.

Abin da ya sa litiyam ya dace da gidan da mai shi yake nesa shi ne yana ɗauke da mai gadinsa a ciki, wata na'ura da ake kira BMS, wadda take lura da kowace ƙwaya, ta yanke caji idan ya cika, ta yanke fitar wuta idan ya kusa ƙarewa ko an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ta kuma tsayar da shi idan zafi ya wuce iyaka. Ba a ƙara masa ruwa, ba ya fitar da iska mai kamawa a aikinsa na kullum, kuma rashin cika taf ba ya cutar da shi. Yana karɓar caji da sauri, mai 100Ah zai iya cika cikin awa biyu zuwa uku idan inbatar tana da caja mai ƙarfi, wanda ya yi daidai da halin wutar da ba ta zama. A tuna dai cewa irin wannan caji yana jan kimanin wat 2,500 daga layin gida, don haka tsohon wayarin ko ƙaramin janareta ba za su ɗauka ba sai an rage shi a saitin inbata. Inbatoci da yawa na yanzu kuma suna haɗuwa da intanet, ta yadda mutum yana zaune a Riyad zai buɗe wayarsa ya ga kashi nawa ya rage a batirin gidansu na Gwammaja, da ƙarfe nawa aka jona wani abu mai nauyi.

Raunin litiyam yana wajen saye. Tubula na jabu ana iya gane shi da nauyi, tunda dalma ba ta ɓuya, amma akwatin litiyam rufaffe ne, fentinsa yana sheƙi, ba ka san ko sababbin ƙwayoyi ne a ciki ko tsofaffin da aka ciro daga wani wuri aka sake jerawa ba. Akwai kuma bambancin da ba kowa yake lura da shi ba, wato wani akwatin ƙwayoyi 16 ne masu bolt 3.2, ya ba da bolt 51.2 da yunit 5.12, wani kuma 15 ne, bolt 48 da yunit 4.8, amma duka biyun a baki ana kiransu mai yunit biyar. A karanta lambar da ke jiki, a nemi takardar garanti mai sunan shago da lambar batirin, a kuma gwada shi a makon farko, a cika shi, a ɗora masa nauyin da aka sani, a ga ko awannin da ya yi sun yi daidai da lissafi. Sannan dole inbatar ta kasance mai saitin litiyam. Tsohuwar inbata da aka yi don tubula takan ɗaga caji lokaci-lokaci don ta motsa ruwan batir, wannan kuwa ba abin da litiyam yake so ba ne. Idan na'urar cikinsa ta lalace, masu iya gyaranta ba su kai masu gyaran tubula yawa ba, shi ya sa shagon da za a iya komawa a same shi ya fi rangwamen da za a samu a wurin wanda ba shi da adireshi.

Idan abu ya ɓaci, halin kowanne daban ne, kuma ya kamata mutanen gida su ji wannan daga bakin mai turo kuɗin. Tubula yakan fashe ne ya watsa asid, maganin farko kuma shi ne a wanke fata ko ido da ruwa mai yawa na tsawon mintoci 15 ko fiye, sannan a tafi asibiti. Litiyam kuwa idan ya kumbura, ko yana ƙara, ko ya fara hayaƙi, hayaƙin guba ne, wutarsa tana da wuyar kashewa kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu, saboda haka abin yi shi ne a kashe babban makunni idan hannu zai kai ba tare da haɗari ba, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana. Wannan ne dalilin da ya sa kowane iri aka zaɓa, ba a kafa shi a soro ko a kan hanya ɗaya tilo ta fita, musamman a gidajen da kowace taga take da bagila.

Ta fuskar kuɗi, litiyam ya fi tsada a ranar saye, ko da yake tazarar ta ragu sosai a 'yan shekarun nan. Tubula mai kyau da ake kula da shi yakan ba da zagayen caji 1,000 zuwa 1,500, wato shekara uku zuwa huɗu idan kullum ana amfani da shi, kamfanonin LFP kuwa sukan rubuta 3,000 zuwa 6,000. Ko da an rage wa wannan adadi kaso mai tsoka saboda zafin Kano, litiyam ɗaya zai ga bayan zubin tubula biyu. Tubula yana da abu ɗaya da yake rage asara, wato idan ya mutu ana sayensa saboda dalmar cikinsa. Amma a mayar da shi ga dila a yi musaya, kada a bari a fasa shi a ƙofar gida ko a zubar da ruwansa a kwata. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. Kuma idan tubula ɗaya cikin huɗun ya mutu bayan shekara biyu, saka sabo a cikin tsofaffi ba ya tsawaita komai, tsofaffin ne za su ja sabon ƙasa.

Sai tambayar da kusan kowane mazaunin waje yake yi, ko ya saya a can ya turo. Ga batir, amsar ita ce a saya a Kano. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda fasinja ya ɗauki batirin litiyam da ya wuce 160Wh (yunit ɗaya 1,000Wh ne), wanda bai kai 100Wh ba ne ake wucewa da shi ba tare da neman izini ba, kuma a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Fawa bank mai 20,000mAh kimanin 74Wh ne, ya shiga, batirin gida kuwa ya haura 5,000Wh. Ta jirgin ruwa ma a sahun kaya masu haɗari yake, garantinsa kuma yana can inda aka saye shi. Ga inbata da sauran kayan wuta, sai an duba daga wace ƙasa za su fito. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai 50Hz, wato mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, daidai da ta Ingila da Dubai, har bakin soket ɗin mai ƙafa uku iri ɗaya ne. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ne mai 60Hz, don haka inbata ko akwatin wutar da aka saya a can ba zai tayar da fankar Kano yadda ya kamata ba, kayan can kuma idan aka jona su kai tsaye a nan ƙonewa za su yi. Saudiyya ita ce mai ruɗa mutane, domin ƙarfin wutarta ya yi daidai da namu amma 60Hz ce. Caja da kwamfuta da aka rubuta musu 100 zuwa 240V da 50/60Hz ba su da matsala a ko'ina, amma firji ko na'urar sanyaya ɗaki ko injin wanki da aka yi don 60Hz kaɗai zai riƙa juyawa a hankali yana ɗaukar zafi, kuma taransifomar rage wuta bolt kawai take canjawa. Filogin Turai mai ƙafa biyu da ake tura wa soket murfin biro don ya shiga, gara a yanke shi a saka mai ƙafa uku mai fis.

Gobarar da take tashi daga wajen inbata sau da yawa ba daga cikin batir take farawa ba, daga waya ne da mahaɗa. Inbata mai wat 5,000 a kan bolt 48 tana jan sama da amfiya 100 daga batir, alhali soket ɗin bango amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Wannan yana buƙatar waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, mai murabba'in milimita 25 zuwa 35, gajera, wadda aka matse bakinta da kyau, tare da fis ko bireka na wutar batir kusa da kan batirin. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, tana da araha, tana kuma ɗaukar zafi. Dole a sami makunnin sauya layi wanda ba zai bari wutar KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, da ta janareta da ta inbata su haɗu ba, domin wutar da ta koma kan layi tana iya kashe ma'aikacin da yake kan fol yana zaton an ɗauke. A binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da jikin inbata da farantan sola, a saka bireka mai yanke wuta idan ta bi jikin mutum, mai 30mA, a kuma raba layi tun daga allo, ta yadda dutsen guga da hita da butar lantarki da sumo ba za su taɓa hawa kan batir ba ko da wani ya manta. Hukumar NEMSA tana ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, ba laifi ba ne a nemi gani. Mazaunin waje ya nemi a turo masa hoton fis ɗin, da rubutun da ke jikin wayar, da wurin da aka ajiye batirin har da tagarsa, kafin ya biya cikon kuɗin aiki.

Akwai kuma wanda gidan nasa ne na kansa, a kulle yake sai ya zo hutu sau ɗaya a shekara. A nan tubula bai dace ba ko kaɗan, domin ko ba a amfani da shi yana zubar da cajinsa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri, idan kuma aka bar shi a jone ruwansa zai ƙafe ba mai gani. Litiyam ana iya barinsa da kimanin rabin caji, a kashe makunninsa, a raba shi da inbata da sola, wani amintacce ya zo bayan wata uku zuwa shida ya duba ya ɗan ƙara masa.

Saboda haka ga yadda nake ba 'yan uwa shawara idan sun tambaye ni. Gidan da yake da babban mutum mai lura wanda ba ya tafiya ko'ina, da wuri mai iska a wajen ɗakuna, da isassun farantan sola da za a riƙa goge musu ƙurar hunturu, kuma kuɗin da ke hannu bai kai na litiyam na gaske ba, tubula mai kyau zai yi masa aiki, ya kuma fi litiyam mai arahar da ba a san asalinsa ba. Gidan da tsofaffi ne a ciki, ko mata da ƙananan yara, ko wanda ba shi da sararin ajiya, ko wanda ake kullewa, LFP ne nasa, ko da za a fara da akwati ɗaya a ƙara na biyu daga baya.

A karo na biyu mun mayar da tsofaffin tubulan ga dila, muka cika kuɗi muka ɗauki LFP mai ƙwayoyi 16, aka rataye shi a wani lungu mai inuwa daura da tsakar gida, nesa da ƙofar fita, aka cire layin guga daga kansa, aka kafa na'urar jin hayaƙi a samansa. Yanzu idan Yaya ya kira daga Jidda ba ya tambayar Hajiya yaya wutar, domin kafin ya danna lambarta ya riga ya duba a wayarsa, sai dai ya ce mata, "Hajiya, na ga jiya an bar talabijin a kunne har ƙarfe ɗaya," ita kuma ta ce masa jikokinta ne suka zo kwana.